Yalwa Mai Caji, Wadda Ta Hana Mu Ƙarshen Labari

Kafin masu zuwa aiki Abuja su gama cika motoci, Yaya Yalwa ta riga ta idar da sallar asuba, ta share ƙofar shago, ta ɗora ruwan citta a wuta. Shagon ba wani na a zo a gani ba ne. Ɗan ɗaki ne a kwanar layinmu nan Kwamba cikin Suleja, da katako ɗaya mai cike da soket, wayoyin mutane jere a kai, sai kujerar roba da aka ɗaure mata ƙafa da igiya. Caji take yi, tana kuma tura wa mutane karatun Alƙur'ani da wa'azi da littattafai a memori. Iyakar abin da yawancin masu wucewa suka sani ke nan.

Akwai ɗan lokacin nan bayan motoci sun tashi, 'yan makaranta ba su fito ba tukuna, layi ya yi tsit, babu janareto babu hon ɗin keke. To a nan take tura ƙofa, ta kurɓi cittarta, ta ɗora tabarau a hanci, ta yi bisimilla, ta danna waya, ta fara karanta babin ranar da ƙarfi. Ta yi muryar tsohuwa, ta yi ta sarki, ta yi ta tsuntsu. In zakaran maƙwabta ya yi cara a tsakiya ba ta gogewa, cewa take, "Mun ji, Malam," ta ci gaba. Kafin hantsi muryar nan ta shiga wayoyin mata daga Suleja har Funtuwa, har da wasu da ke aikatau a Makka. Shekara da shekaru tana haka, tun ana tura abu ta bulutut.

Wannan makon ta sanar a gurup ɗinmu na WhatsApp cewa za ta ajiye karatun. Likita ya ce maƙogwaron ya gaji, ko ta huta ko muryar ta tafi gaba ɗaya. Tun ranar 'yan gurup ke ta turo hoton fuska mai hawaye. Ni ban iya wannan ba. Na ce bari in zauna in faɗi abin da matar nan ta yi a gidana. Kuma da yake na san sai an tura shi waje, zan yi bayani yadda wanda bai san komai ba zai gane.

Littafin da muke bi sunansa Rinin Gajimare. Wata baiwar Allah ce ke rubutawa, ba mu taɓa ganin fuskarta ba, ita ta ba Yaya Yalwa izinin karantawa saboda irinmu da boko bai zauna mana sosai ba. Labarin wata ƙasa ce da ruwan sama ba ya sauka sai marina sun rina gajimare ya yi baƙi. Rannan aka wayi gari an sace launin, duk ramukan rini sun koma fari fat kamar nono, shuka ta fara mutuwa. Sai wata yarinya 'yar marina, Shuniya, ta ce a ɗaura mata igiya a ƙugu, za ta sauka ramin ta ga inda launin ya tafi. Ashe a ƙasan akwai wata duniyar. Iya nan zan tsaya. In na wuce gona da iri, korata za a yi.

Babu wanda ya taɓa tashi ya ce yau zan je neman littafin nan. Kamuwa ake yi. Wata za ta zo karɓar caji, ta ji ana sa littafin farko a sipika, ta ce bari ta tsaya kaɗan, miyarta ta ƙone a gida. Wata a keken Khamis za ta ji, shi ne mai riƙe da gurup ɗin maza, kullum abin da ke tashi a kekensa ke nan. An ce akwai matar da a kasuwa za ta sauka, ta bi shi har Gauraka don babin bai ƙare ba. Mojisola tela Bayarabiya ce, Hausarta ta kasuwa ce, a bakin wata mai kawo ɗinki ta fara ji, yanzu in ana musu a gurup ta fi kowa zafi. Akwai ma wata tsohuwa a Izom da idonta ya tafi, Yaya Yalwa ke ba direba memori ya kai mata, ya dawo da wanda ta gama.

Duk wadda ta kamu, ƙaramin gurup ake fara sa ta, na waɗanda ba su kamo na gaba ba. Gaisuwarmu ita ce "Ya rini?" a amsa miki, "Ya kama." Lokacin sallah Yaya Yalwa rufe gurup take, ko ɗigo ba za ki iya turawa ba. Ba talla, ba zagi. Babbar dokar kuwa, ba a faɗa wa na baya abin da ke gaba. Wannan shi muke kira zubar da baba, wato ganyen nan da ake rini da shi. Ranar da na fara gani an rubuta "An fitar da wance, ta zubar da baba," salati na saka, na ce uban nata ta ture? Har yau ana tsokanata da wannan.

To ga yadda abin ya shigo gidana.

Mu mutanen Zariya ne, haya muke. Maigidan yana aikin tayil a Abuja, ni ina soya ƙosai ina dama kunu a bakin titi da sassafe. Bangon ɗakinmu na baya shi ne bangon shagon Yaya Yalwa. Tayyiba 'yata ce ta uku, ta gama sakandare ke nan. Ranar wani ruwa, suna dawowa daga Islamiyya, keke ya kife da su. Gwiwarta ta dama ta dagargaje. Aka yi aiki, aka sa ƙarfe. Da lokacin tashi ya yi, mai gashin ƙashi na asibiti ya kira ni gefe, bai ɓoye min ba.

"Mama, namu mun yi. In yarinyar nan ba ta taka ƙafar tana lanƙwasawa ba, gwiwar za ta ƙage. In kuwa ta ƙage, shi ke nan."

Muka dawo da sandunan dogarawa. Ranar da ta fara gwadawa a tsakar gida, wata ta zubar da ruwan wanki, sandar ta zame, ta faɗi warwas. Yara suka yi dariya, yara ne. Amma abin da ya fi dariyar ciwo, wata maƙwabciya ce ta dafa ƙirji ta ce, "Allah sarki, yarinya kyakkyawa, ta zama gurguwa." Muka ɗauke ta muka kai ɗaki. Daga ranar Tayyiba ba ta sake leƙa ƙofa ba. Komai a ɗaki. Sandunan suka koma bayan ƙofa, har na fara rataya musu hijabi.

Na yi lallashi. Na yi faɗa. Na yi tofi, na yi sadaka. Babanta ya zauna a gefen katifa ya yi ta magana har ya gaji. Sai ta juya mana baya ta fuskanci bango. Ni kuwa kullum in na taɓa gwiwar nan sai in ji ta ƙara tauri kamar icen girki.

Wata safiya na dawo daga suya ina sauke kasko, sai na ji ta ce, "Umma, wace ce Shuniya?"

Ta jima ba ta tambaye ni komai ba. Na ce, "Wace Shuniya? Ƙawarki ce?"

"A bango nake jin ta."

Na fara Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Ta ce, "Kai Umma, Anti mai caji ce ke karatu." Ashe a lokacin Yaya Yalwa na sake karanta littafin farko, don tsohon da ta ɗauka da tsohuwar waya ba ya fita sosai. Yarinya ta juya mana baya, ashe kunne ta manna wa bango.

Ban ko wanke hannu ba na zagaya shagon. Na ce, "Yaya, mene ne wannan da kike karantawa? Ni fa ba na son abin da zai taɓa min imanin yarinya."

Ta ba ni labarin a gajarce. Na ce, "Tsaya. Ruwa ai Allah ke saukarwa. Wane marini?"

Ta ce, "Maman Tayyiba, su ma a labarin sai sun roƙi Allah kafin su tsoma hannu. Rinin kamar huɗar manomi ne, ya yi nasa, Mai bayarwa Ya bayar. In na ga wurin da bai kwanta min ba, kiran marubuciyar nake, mu gyara kafin ya fita daga bakina. Amma kada ki yarda da ni. Ki saurara da kunnenki."

Na saurara ina gyaran wake. Na kuma tambayi malamarmu ta Islamiyya, ta ce tatsuniya ce mai tsawo, in dai ba ta hana sallah ba, ba ta koya sharri ba, babu laifi. Sai na ce a sa Tayyiba a ƙaramin gurup. Daga ranar da Yaya Yalwa ta san ana jin ta ta bango, ta koma ɗaukar sababbin babi a cikin gidansu, kada ta zubar wa yarinya da baba ba ta sani ba.

Tayyiba ta canza. Ta fara cin abinci. Ina jin ta tana dariya ita kaɗai, tana tura murya tana musu da matan da ba ta taɓa gani ba. Na gode Allah. Amma gaskiya ɗaya ce: baki ya buɗe, ƙafa ba ta motsa ba. Abin ma ya so ya fi da, don yanzu ta samu ƙawaye ba sai ta tashi ba. Rannan na kai cajina na ce, "Yaya, kin kawo mata duniya har kan katifa, me zai fitar da ita kuma?" Da wasa na faɗa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta saman tabarau, ta miƙo min wayata.

Aka kwana biyu, ina tsakar gida na ji ihu daga ɗaki. Na yar da ludayi na ruga, na zaci faɗowa ta yi. Na tarar da ita zaune, waya a hannu, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Umma, igiyar ta dawo babu kowa!"

Ƙarshen littafi na uku ke nan. Shuniya ta sauka rami na ƙarshe, aka ja igiya, igiya ta fito a tsinke. Wannan kowa ya sani, ba zubar da baba ba ne, har a sitika an sa.

To littafi na huɗu ba a tura shi a gurup. Tsohuwar doka ce. An taɓa samun wadda ta watsa shi ta ɓata wa mutane, tun daga nan Yaya Yalwa ta ce duk wadda ke Suleja ta zo da kanta ta karɓa, ta nesa kuma ta kira ta bidiyo, a ga fuskarta, ta yi alkawari. Tayyiba ta ƙi cin abincin rana. Na ɗauki wayar na nufi shago.

"Yaya, ga wayar. Sa mata na huɗun."

"Ina mai wayar?"

"Kin san inda take."

"Na sani. Ta zo."

"Da wace ƙafar?"

"Da wadda likita ya ce ta taka."

Na ce, "To ki yi mata irin na mutanen nesa."

"Nesa? Maman Tayyiba, yarinyar da in ta yi atishawa ni ke ce mata yarhamukillah?"

Na matso kusa, na sassauta murya. "To na ji. Faɗa min a kunne, ni kaɗai. Shuniyar nan ta mutu ko tana da rai? In je in kwantar mata da hankali ta ci abinci."

Ta ce, "In hankalinta ya kwanta, ita ma ta kwanta ke nan."

"Yaya Yalwa, ashe ba ki da tausayi."

"Wataƙila," in ji ta, ta ci gaba da warware igiyar caja.

Bango ɗaya ne tsakaninsu, gaskiya. Amma hanya ba ta bango ba ce. Sai ki fito ɗaki, ki ratsa tsakar gidan da ta faɗi, ki bi zaure, ki fita layi, ki tsallake kwata, ki wuce teburin mai shayi inda maza ke zama, sannan ki sha kwana. Ga mai lafiya ba komai ba ne. Ga Tayyiba, tafiyar Makka ce a ƙasa.

Na yi fushi, kuma ko yau ban ga laifina ba. Uwa ce ni, 'yata na kuka. Na ɗauke cajina na kai wani shago. In mun haɗu, "ina kwana" kawai, ba ƙari.

Tayyiba ta bi 'yan babban gurup ɗaya bayan ɗaya tana roƙo. Babu wadda ta buɗe baki. Ina jin amsar Mojisola da kunnena: "Ah ah, my dear, I no fit pour baba o! Kina so Anti ya kore ni? Ni ma da ƙafa na je, ga ciki wata tara. Tashi ki zo jare!" Tayyiba ta cilla wayar kan katifa. Ta ce ta bar gurup ɗin, ta bar littafin, Shuniya ta mutu can ita ta sani. Ta sake juya wa ɗaki baya. Bango kuma shiru. Kwanakin nan su ne mafi nauyi da na gani tun ranar hatsarin. Na yi ta cewa a raina, matar nan ta ba mu abu da dama ta ƙwace da hagu.

Abin da ban sani ba, sai daga baya mutane suka faɗa min.

Nura mai shayi ya ce Yaya Yalwa ta same shi ta roƙe shi ya juya bencinsa ya kalli wancan gefen, kuma ya gaya wa masu zama, ranar da yarinyar nan ta fito, wanda duk ya ce mata sannu ko ya bi ta da kallo, kada ya sake kai caji shagonta. Kafintan layinmu ya ce ita ta sa shi ya shimfiɗa faffaɗan katako a kan kwata, ta hau ta yi tsalle a kai da kanta don ta ji ko zai motsa. Matan gidanmu suka ce ta shigo lokacin ina wurin suya, ta roƙe su a daina zubar da ruwa a hanya, ta tara yara ta ja musu kunne, ta kuma ja mai "Allah sarki" gefe suka yi magana. Ban san me ta ce mata ba. Na dai san matar ta yi laushi. Ni kuwa ina ganin tsakar gida a bushe, ina ganin an share daga zaurenmu har kwana kullum, ban taɓa kawo komai ba.

Mojisola kuma ta ce ta shiga shagon ta tarar da ita tana share ido da gefen mayafi, tana cewa, "In kuskure na yi fa? In yarinyar nan ta tsane ni ta tsani littafin, na raba ta da ɗan abin da ya rage mata? Me zan ce wa Allah?"

Yaya Yalwa, ke ce kika yarda in kira ki marar tausayi a gabanki, ba ki kare kanki da kalma ɗaya ba. Ke ce kika share hanya ba ki ce kin share ba. Kalma ɗaya za ki faɗa min a kunne mu rabu lafiya, in ci gaba da yabonki a unguwa. Kika riƙe ta a baki, tana ƙona ki.

Wani hantsi ina wanke wake a tsakar gida, sai na ji ƙwas. Na sake ji, ƙwas. Na ɗaga kai. Tayyiba ce a bakin ƙofa, da hijabi, da sanduna, fuskar nan a murtuke.

"Umma, kada ki taɓa ni. Kada kuma ki ce komai."

Ban ce ba. Na mayar da kai na ci gaba da wanke waken da ya riga ya fita tas. Matan gida kowa ta samu abin yi, wata na tsintar shinkafa, wata na kallon cikin tukunya kamar ta ga abin mamaki. Ta ratsa tsakar gida. Ta shiga zaure. Na ja mayafi na bi ta daga nesa, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

A bakin kwata ta tsaya. Ta daɗe. Mazan teburin shayi sun ba ta baya suna musun ƙwallo da ƙarfi, har wanda na san bai san komai a ƙwallo ba yana ta "Ai ofsaid ne!" Ta ɗora sanda a katako. Katako bai motsa ba. Ta haye.

Ta isa shagon zufa na ɗiga daga haɓarta. Yaya Yalwa na jera wayoyi, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Anti, ya rini," in ji Tayyiba, tana haki, kamar mai zagi.

"Ya kama. Zauna, kin tare min haske."

Ta zauna a kujerar roba. Yaya Yalwa ta karɓi wayar, ta yi 'yan danne-danne, ta miƙa mata. Ni ina laɓe a kwana ina kallo. Tayyiba ta duba, ta sake dubawa.

"Anti, babi ɗaya ne."

"Eh."

"Ina sauran?"

"Gobe."

"Ai kowa duka ake ba shi!"

"Kowa. Wannan dokar taki ce ke kaɗai, jiya na yi ta."

"Wallahi Anti wannan zalunci ne!"

"Kai ni ƙara. Ofishin 'yan sanda na bakin titi. Da ƙafa ake zuwa."

Nura mai shayi ya kasa riƙewa, shayin da ke bakinsa ya feso. Tayyiba ta juyo ta harare shi, ta harari Yaya Yalwa, sai kawai ita ma ta fashe da dariya. A waje. A gaban mutane. Na jingina da bango ina ta hamdala.

Marubuciyar ma kamar da ita aka haɗa baki. Babin farko bai ce komai a kan Shuniya ba, wajen wasu mutanen daban ya tafi. Na biyu ma haka. Tayyiba ta dawo tana masifa, gobe ta koma tana masifa. Da hanyar ta zama ba komai, sai Yaya Yalwa ta ce babin yau yana wayar Mojisola, a can layin baya. Daga nan kuma yana wajen wata 'yar gurup kusa da masallacin Juma'a. 'Yan gurup suka shiga wasan, kowa na cewa gobe a ajiye a wajenta. Matan da muryarsu kawai ta sani, ta fara shiga ɗakunansu, tana cin tuwonsu. Sanda biyu ta koma ɗaya. Ɗayar ma wata rana ta manta ta a shagon tela, sai da aka aiko da ita.

Muka koma asibiti da kunya, don mun daɗe ba mu je ba. Mai gashin ƙashi ya kama ƙafar ya lanƙwasa, ya miƙar, ya sake lanƙwasawa. Ya ce, "Alhamdu lillahi, Mama. An tsallake." Ya ƙara mata wasu motsa jiki, ta kuwa riƙe su. Har yanzu tana ɗan ɗingishi, in an yi sanyi gwiwar na yi mata tsami. Ba ƙarya zan yi ba. Amma tana durƙusawa ta yi sujada kamar kowa.

Shuniya ta mutu ko tana da rai? Ku je ku saurara.

Na mayar da cajina shagon. Na ajiye mata ƙosai mai zafi a leda, ta ce likita ya hana ta mai, ta ci biyu.

Mai caji, uwar marina. Ba a taɓa kiranki a taro an ba ki ko takardar yabo ba. Wasu ma gani suke aikin banza ne, mace da girmanta tana muryar tsuntsu a waya. Su je su tambayi tsohuwar Izom. Su zo su tambaye ni.

Ku masu riƙe da gurup-gurup, ku yi koyi da matar nan. Waɗannan lambobin da kuke gani, mutane ne. Ku san wace ce ta yi shiru, ku san me ya sa. Ku iyaye 'yan'uwana, in kin ga yarinya ta manne wa waya, kafin ki fizge, ki tambaye ta me take ji, ki saurara da kunnenki, ki taka ki ga wanda ke riƙe da wurin. In na banza ne ki cire ta, babu wasa. In irin Yaya Yalwa ce, ki riƙe ta hannu bibbiyu. Waɗanda kuma za su karɓi karatun, ban ce ku yi muryar tsuntsu kamar tata ba, ba za ku iya ba. Ku dai rufe gurup lokacin sallah, ku kuma iya cewa a'a.

Yaya Yalwa, na gode. Babanta ya gode. Bari in ba ki labarin jiya, tunda an hana ki magana, saurare ya rage miki.

Tun bayan azahar Tayyiba ta fita, wai taron zaɓen masu karatu a shagon Mojisola. Daga can ta bi wata ƙawa kasuwa. La'asar ta wuce, ga wanke-wanke jibge, ga markaɗe ba a kai ba. Sai dab da magariba na ji sallamarta a zaure. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba.

"Tayyiba! Ke wai ƙafarki ba ta zama wuri ɗaya ne? Kullum yawo, kullum yawo!"

Sai na ji abin da bakina ya faɗa. Ta tsaya tana kallona, ni ma ina kallonta. Na nemi turmi na zauna.

Ta ce, "Umma, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Ɗauki markaɗen ki kai, ki yi sauri kafin a kira sallah."

Ta ɗauka ta fita. Ina zaune ina jin takunta har ya ɓace a layi.

Allah Ya ba maƙogwaronki lafiya, Yaya. Yadda kika share wa 'yata hanya, Allah Ya share miki taki, duniya da lahira.